Tirelar tafi-da-gidanka tana lilo a bayan jif ɗinka? Ga yadda ake gano matsalar a gyara

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na 'yan'uwa ne da ke nan Amurka da Kanada waɗanda suka fara sayen tirelar nan ta yawon hutu, wato ɗakin kwana mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota, da gado da kicin da banɗaki duk a ciki, ni dai tirelar tafi-da-gidanka nake ce mata. Yawancinmu da jif muke jan ta tunda ita ce motar iyali da muke da ita, kuma a nan ne matsalar lilo ta fi fitowa, ka ga tirelar tana kaɗa wutsiya hagu da dama a bayanka har ta fara juya motar da kanta.

Ni a titin I-80 ta same ni, mun taso daga Colorado za mu Yellowstone, mun wuce Laramie kenan, ina gudun mil 68 a awa a wata 'yar gangara sai wata babbar mota ta zo ta wuce ni ta hagu. Na ji kamar an sa hannu an ture bayan motar. Na duba madubin hagu na ga gefen tirelar gaba ɗaya, ya ɓace, ya fito a madubin dama, ya sake dawowa hagu, kuma kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Uwargida ta dafe gaban mota tana salati tana cewa "Malam, Malam, lafiya?", yara a baya sun yi tsit ko tari babu. Allah Ya kiyaye ta lafa, na gangara gefen titi na tsaya, wallahi na fi minti goma a zaune ƙafata ta dama tana rawa ban iya fita ba. Tun daga ranar na ɗauki abin da gaske, kuma abin da na gano shi ne mafi yawan lilon nan daga lodi yake, daga inda ka ajiye kayanka, kuma sikeli ne ke nuna maka gaskiyar lamarin kafin ka je shago ka zubar da kuɗi a kan ƙarafa.

Amma bari in fara da abin da za ka yi a daidai lokacin da ta fara, domin shi ne na rai.

Ɗage ƙafarka daga totur. Kar ka taka birkin mota. Na san ƙafa da kanta take zuwa kan birki, amma idan ka taka da ƙarfi motar ce za ta rage gudu alhali tirelar tana nan da ƙarfinta, sai ta zo ta turo bayan motar gefe guda, daga nan sai naɗewa ko kifewa, Allah Ya tsare. Riƙe sitiyari gam ka miƙe sak, kar ka ce za ka dinga gyara mata, ta yi hagu ka yi dama, hannunka ba zai cim mata ba, kullum a makare kake kuma duk murzawar da ka yi ƙarfi kake ƙara mata. Sai ka kai hannu ɗaya kan 'yar na'urar birkin tirela da ke ƙasan sitiyari ka matsa maɓallin nan na hannu a hankali ka riƙe. Shi wannan birkin tirelar kaɗai yake kamawa, sai ta ja motar ta baya su miƙe kamar igiyar da aka ja ta kai biyu. Idan ta lafa ka bar gudun ya ci gaba da sauka, ka nemi wuri ka tsaya ka duba, kar ka ce ai ta wuce ka ci gaba a haka.

Za ka ji wasu suna cewa ka ƙara wuta za ta miƙe. Dan Allah kar ka gwada. Gudu shi ne abincin lilo, jif mai ɗauke da iyali tana jan ɗaki guda ba ta da ƙarfin da za ta fizge tirelar ta miƙar da ita, abin da zai faru kawai shi ne hatsarin ya same ka a gudu mafi yawa. Kuma shawarata, ka zauna a mota tana fake ka dinga kai hannu kan maɓallin birkin nan ba tare da ka kalla ba har hannunka ya haddace inda yake, ranar da za ka buƙace shi babu lokacin lalube.

To yanzu gano dalili. Tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce yaushe take yi. Idan sai babbar mota ta wuce ne ka ji an ɗan ture ka sannan an zuƙo ka, ta kaɗa sau ɗaya ko biyu ta nutsu da kanta, wannan kowa yana ji, iska ce, ba abin tashin hankali ba ne. Idan kuma ba kowa a kusa, titi a miƙe, amma da zarar ka kai wani gudu, misali mil 60, sai ta fara rawa da kanta ta ƙi dainawa sai ka rage, to kusan ko yaushe wuyan tirelar ne, wato ƙarfen gabanta da ke hawa bayan mota, ya yi rashin nauyi. Idan a gangara take yi, tirelar ce ke turo motar, ka duba saitin birki da giyar da kake sauka da ita. Idan kuma da can lafiya lau take tafiya sai yau ta tsiro da shi, nemi abin da ya canza, taya ta sace, boris ya lalace, sifirin ya karye, ko kaya sun zame sun koma baya.

Maganar nauyin wuya ita ce zan daɗe a kai. Duk wanda ya taso inda ake amfani da amalanken shanu ya san idan aka tara buhuna a can baya, gaban amalanken ɗagawa yake, karkiya ta dinga sama a wuyan shanun, su kasa taka ƙasa da kyau su yi ta tangaɗi. Haka abin yake a nan. Wuyan tirela, wato ƙarfen nan mai kusurwa uku da ke zuwa ya hau kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan motarka, dole ya danna ƙasa da wani nauyi. Ƙa'idar da ake bi a nan Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar bayan an gama lodi, kuma irin waɗannan masu tsayi da iska ke buga sun fi nutsuwa a wajen kashi 12 zuwa 13. Wato tirela mai laba 6,000 wuyanta ya kamata ya kasance tsakanin laba 600 da 900. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo, ga wanda ya saba da kilo.

Kar ka yarda da lambar da aka rubuta a takardar talla. Wannan nauyin tirela ce fanko, babu ruwa, babu kayanka, wani lokaci ko batir da gas ba a sa a lissafin ba. Je ka hau sikeli. A gidajen man manyan motoci za ka ga sikelin CAT Scale mai allon rawaya, yana da faranti uku, na farko tayoyin gaban mota, na biyu tayoyin baya, na uku tayoyin tirela. Ka je da lodinka kamar ranar tafiya, da iyali in zai yiwu, da mai cike a tanki. Sau uku za ka hau. Na farko da komai a haɗe yadda kake tafiya. Na biyu tirela tana haɗe amma ka saki sandunan raba nauyi in kana da su, wato sanduna biyun da ke mayar da wani ɓangare na nauyin wuya kan sauran tayoyi. Na uku ka ajiye tirelar a fili ka hau da motar kaɗai. Ka haɗa farantin farko da na biyu a awo na biyu, ka cire nauyin motar kaɗai na awo na uku, abin da ya rage shi ne nauyin wuya. Jimlar awo na biyu kuma ka cire na uku, shi ne nauyin tirelar duka. Akwai kuma ɗan ƙaramin sikelin wuya irin na Sherline da za ka iya ajiyewa a gida, yana sauƙaƙa aiki in za ka yi ta gwada lodi.

Da na hau da tawa bayan mun dawo, yadda na loda ta ranar can, tirelar ta ba ni laba 5,600, wuya kuma 450. Kashi 8 kenan. Kuma ga inda kayan suke: janareto a ɗaure kan bambar baya, kekunan yara biyu a samansa, sannan banɗakin da ke can ƙarshen tirelar na cika shi da buhun shinkafa, katan uku na ruwan roba, jarkar man girki da manyan tukwanen uwargida, saboda nan ne na ga fili kuma ƙofarsa tana rufuwa. Duk abin da ka ajiye a bayan tayoyin tirela ɗaga wuyan yake yi, kuma iya nisansa daga tayoyin iya ɓarnarsa, shi ya sa bambar baya ita ce wuri mafi muni a duk tirelar.

Gyaran bai ci min ko sisi ba. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a kan saitin tayoyi ko ɗan gaba da su kaɗan, ana cewa kashi 60 na kaya a gaban tayoyi 40 a baya. Masu sauƙi irin barguna da tufafi su ne na kabad ɗin sama da na baya. Ka ɗaure komai ko ka tokare shi yadda birki ɗaya ba zai sa ya zame ba. Wani kuskure da nake gani, mutum ya bar janareton a baya sai ya ce bari in tara wasu kaya a can gaba su yi kunnen doki. Sikeli zai nuna maka lamba mai kyau amma tirelar da nauyinta ke kai biyu idan ta fara juyawa tsayar da ita wuya ne, gwada ɗaukar sanda da bokitin ruwa a kowane kai ka juya da sauri ka ce za ka tsaya ka gani. Tara nauyi a tsakiya.

Ruwa kuma a kula da shi sosai. Galan ɗaya na nan ya kai laba 8.3, tanki mai galan 40 ya haura laba 330, kusan kilo 150 kenan. Leƙa ƙarƙashin tirelarka ka ga ina tankin ruwa mai kyau yake, ina na ruwan wanka da na bayan gida suke. In tankin ruwa mai kyau yana gaban tayoyi, cika shi yana ƙara wa wuya nauyi, in yana baya rage masa yake. Shi ya sa za ka ga mutum ya tafi lafiya lau amma a hanyar dawowa tirela tana ta rawa, ruwan gaba ya ƙare ya koma tankunan datti na baya. Zubar da su a wurin da aka tanada kafin ka hau titi. Tanki rabi kuma ruwan kaɗawa yake yi a ciki, gara ko cike ko kusan fanko.

Sai dai fa nauyin wuya shi ma in ya yi yawa wata matsalar ce, kuma a nan ne jif take da rauni. Buɗe ƙofar direba ka duba sitikar nan mai rawaya da fari, an rubuta iya nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Ka ce an rubuta laba 1,500. Cire wuyan tirela 700, cire ita kanta mahaɗar, wato ƙarfen da ke haɗa mota da tirela, wajen 90, cire kai da iyali ka ce 550, saura 160 kacal na duk abin da za ka sa a but. Mutane da yawa lambar ja suke kallo, wai motata tana jan laba 8,000, alhali tun kafin su kai can sun wuce abin da motar za ta iya ɗauka a gadon bayanta. Alamarsa bayan mota ya zauna, gaba ya ɗaga, fitilu suna haska sama, sitiyari ya yi sakayau kamar ba ya taɓa ƙasa.

Maganin wannan zaman shi ne mahaɗa mai raba nauyi, mai sanduna biyu da ke mayar da wani ɓangare na nauyin kan tayoyin gaban mota da na tirela. Irin su Equal-i-zer da Blue Ox SwayPro da wasu na Reese suna haɗa raba nauyi da rage lilo a abu ɗaya. Amma fara duba littafin motarka, akwai jif ɗin da kamfaninsu ya hana a sa musu irin wannan, kuma sandunan su dace da nauyin wuyanka na gaskiya. Saita ta da tef ɗin awo ake yi a fili mai daidai. Auna daga ƙasa zuwa bakin madigadin tayar gaba kafin ka haɗa tirela, ka ce inci 36. Haɗa tirelar ba sanduna ka sake aunawa, ka ce ya zama 37. Ɗaura sanduna ka dinga ƙara musu ƙarfi har ya dawo 36 da rabi ko 36, gwargwadon abin da littafin motarka ya ce, amma kar ya sauka ƙasa da inda yake tun farko. Wanda ya sayar min da tawa shi ya saita min ita ranar da na ɗauko, tirela fanko, mota ba kowa sai ni, kuma bai ce min in sake ba bayan na yi lodi. Dole ka sake.

Daga nan ka koma gefe ka kalli tirelar, ko ma ka auna ƙarfen ƙasanta a gaba da baya. Ta kwanta daidai ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan. Hanci sama lilo yake kawowa. Ƙarfen mahaɗar yana da ramuka a jere, sauke dunƙulen rami ɗaya ko biyu. Ka kuma tabbata girman dunƙulen ya dace, akwai inci 2 akwai inci 2 da 5/16, a rubuce yake a bakin wuyan tirelar.

Ita ƙaramar sandar gogayya da ake maƙalawa a gefen wuyan tirela don rage lilo tana taimako a ƙananan tireloli, amma ana sassauta ta in ana ruwa ko ƙanƙara, ana kuma cire ta kafin a yi ribas mai lanƙwasa sosai don kar ta lanƙwashe. Manyan mahaɗai irin su Hensley da ProPride suna aiki ƙwarai, sai dai sun haura dala 2,000 kuma suna da nauyi, su ma daga lambar sitikar ƙofar direba za su ci. Abin da nake so a gane, duk waɗannan ƙarafan danne lilo suke yi, in wuyanka kashi 8 ne ciwon yana nan, ka rufe shi ne kawai har ranar da iska mai ƙarfi za ta tona. Haka ita ma kwamfutar motar da ke kama birki da kanta in ta ji lilo, wadda yawancin sabbin jif suke da ita, in ka ga fitilarta tana walƙiya to ta gaya maka ne akwai abin da za ka tsaya ka gyara.

Taya. Auna iska da geji da safe kafin mota ta motsa, na tirela ka bi lambar da ke sitikar jikinta, na mota ka duba ko littafin ya ba da wata lamba daban ta lokacin ja. Taya ɗaya da ta rage iska ta isa ta sa rawa. Yawancin jif da tayoyin ƙananan motoci suke zuwa masu laushin gefe, tsaya a bayan motar ka ture ta gefe da ƙugunka ka kalli yadda tayar take lanƙwasa, wannan motsin ne tirela ke samu ta yi wasa da shi. Tayoyi masu alamar LT, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, gefensu ya fi tauri, ni da na canza na ji bambanci tun a mil na farko. Shokozoba da ta mutu ita ma haka. Tayoyin tirela kuma tsufa ke kashe su tun zanensu bai cinye ba, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin tayar, in ka ga 2319 to mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Da yawa daga masu alamar ST, wato tayoyin da aka yi don tirela, musamman tsofaffin, mil 65 ce iyakar gudunsu.

Birkin tirela a saita shi a titin da ba kowa, busasshe, kana gudun mil 25 ka matsa maɓallin hannu gaba ɗaya, in tayoyin tirelar sun kulle sun ja ƙasa rage lambar ƙarfin birki a na'urar, in ba ka ji ta riƙe ka sosai ba ƙara, har ka samu daf da kullewa. Gangara kuma tun daga sama ake sauke giya a rage gudu, ba sai an shiga tsakiya ba.

Gudu da iska ba su da wani gyara sai haƙuri. Kowace mota da tirelarta akwai gudun da in an wuce shi lilo ƙaruwa yake maimakon ya mutu, gyaran lodi ɗaga wannan iyakar yake yi sama amma ba ya cire ta. California ma doka ce, mai jan tirela mil 55 a awa. Wyoming kuwa, a wannan yankin tsakanin Laramie da Rawlins, in iska ta yi ƙarfi rufe titin suke wa motoci masu tsayi marasa nauyi, allunan lantarki za su nuna maka, in ka gani nemi wuri ka kwana. Idan ka hango babbar mota a madubi tana zuwa, ɗan matsa dama cikin layinka, riƙe sitiyari da kyau, ka bar ƙafarka a totur yadda take. 'Yan'uwa na Ingila ku lura naku lissafin daban ne, ƙirar tirelolinku ba irin ta nan ba ce, nauyin wuya wajen kashi 5 zuwa 7 ake nema, gudu kuma mil 60 a manyan tituna, ku bi littafinku.

In ka gyara duk waɗannan tana nan tana yi, to ka yarda tirelar ta yi wa motar tsawo. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ita ce ƙarfin mota a gaban tirela. Masu harkar suna da wani lissafi na al'ada, ba doka ba ne ba kuma na kamfani ba, tazarar inci 110 ta dace da tirela mai tsawon ƙafa 20, duk ƙarin inci 4 ƙarin ƙafa ɗaya. Toyota 4Runner ta 2003 zuwa 2024 tana wajen inci 110, Tahoe ta 2007 zuwa 2020 tana da 116, Suburban ta waɗannan shekarun 130, ka ga ƙarfin inji zai iya zama ɗaya amma nutsuwa a titi ba ɗaya ba. A nan ko ka rage tirela ko ka canza mota, kar ka sa iyalinka a gwaji.

Wajen gwaji kuma abu ɗaya za ka dinga canzawa a lokaci guda, ka koma titi ɗaya da ka sani ranar da ba iska, ka fara daga mil 45 ka dinga ƙara biyar biyar kana kallon madubi, ka rubuta abin da ka canza da abin da ka ji, in ka canza abu huɗu tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Tawa yanzu wuyanta laba 700 ne a kan 5,600, janareton yana ƙasan teburin cin abinci daf da tayoyi a ɗaure da igiya biyu, shinkafa da ruwan roba suna ƙarƙashin gadon gaba, kekunan sun koma cikin tirela a tsakiya, bambar baya ba komai a kai sai safayar taya, kuma mil 60 nake tafiya ko titin ya yi kyau kamar me.